Faifan Waƙa Ya Ƙi Yi a Kwamfuta: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Malam, na sayi faifan CD na gwanjo. Yana yi lafiya a na'urar gida, amma a mota sai ya riƙa sarƙewa, kwamfuta kuma ta ƙi kwafe waƙoƙin zuwa wayata. Faifan ne ya lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya lalacewa ce. Alamu sun nuna faifan na cikin waɗanda kamfanonin waƙa na Turai da Amurka suka sa wa kariyar hana kwafi a farkon shekarun 2000.

Tun 1980 Philips da Sony suka kafa ƙa'idar buga faifan sauti. Masu kariyar sun kauce wa wannan ƙa'ida da gangan. Wasu sun ƙara wani sashen bayanai a gefen faifan: na'urar gida ba ta kula shi, amma kwamfuta tana karanta shi ta rikice. Na'urorin mota da dama suna karatu ne irin na kwamfuta, shi ya sa su ma suke tuntuɓe. Wasu kuma sun ɓoye manhaja da ke shiga kwamfuta da kanta ta toshe kwafi. Wannan ce ta jawo wa Sony BMG abin kunya a 2005, lokacin da wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya gano cewa manhajarsu XCP tana ɓuya cikin Windows, tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Dole kamfanin ya janye fayafayan daga kasuwa.

Ga abin yi. Duba bayan kwalin: idan ka ga “Copy Control”, ko babu tambarin “Compact Disc Digital Audio”, to da alama akwai kariya. In ka sa faifan a kwamfuta, kada ka amince da duk manhajar da ta nemi ka girka ta. A tsohuwar Windows, danne maɓallin Shift lokacin sa faifan yana hana ta tashi. Wani ɗalibin Jami'ar Princeton, John Halderman, ya bayyana hakan a 2003. Kwamfutar Mac ko Linux ba ta ma ɗaukar manhajar Windows ɗin. Manhaja irin Exact Audio Copy kuma takan karanta sashen sautin kai tsaye. Dabarar da wasu ke yi ta zana baƙin alƙalami a gefen faifai don rufe sashen bayanan nan kuwa, bar ta: hannu ya goce, ka rufe waƙar ƙarshe.

Sai dai a kula da doka. Amurka ta haramta karya irin wannan kariya tun 1998, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta yi tanadi a kai. Kwafe faifai a sayar ko a rarraba kuwa satar fasaha ce, cin gumin mawaƙi ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi kundin a shagunan intanet na halal. iTunes ma ya cire kariya daga waƙoƙinsa tun 2009.