Kafin ka jinginar da fadama, buɗe fasfonka ka duba shekarar haihuwa

A watan Maris na 2022 shugaban makarantar da nake koyarwa ya kira ni ofishinsa bayan an tashi ɗalibai. Makaranta ce mai zaman kanta a wata ƙasa ta yankin Tekun Fasha, ina cikin shekarata ta goma sha biyu ina koyar da lissafi a wurin. Ya sa aka kawo shayi, ya yaba sakamakon ɗalibaina, sannan ya zaro kwafin fasfona daga fayil ya ɗora yatsa a kan layi guda: 1 ga Janairu, 1963. Ya ce idan aka sabunta mini izinin aiki, zan cika sittin a tsakiyar zangon karatu, kuɗin inshorar lafiyata zai tashi, masu makarantar kuma ba su da niyyar zuwa ma'aikata neman alfarma saboda malami ɗaya. A ƙarshen watan Yuni aikina zai ƙare, iƙamata ma ta ƙare tare da shi.

Na ce masa ai ban kai sittin ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa mini cewa a daminar da ta gabaci rasuwar Sardauna ta haife ni, wato 1965. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yarda da ni, amma ma'aikata abin da ke rubuce take dubawa.

Shekara biyun nan da suka salwanta mini, tun 1970 suka salwanta. A shekarar aka zo ƙauyenmu da ke gefen Baturiya ɗaukar 'yan makaranta, aka jera mu a gindin tsamiya, aka ce kowa ya miƙa hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa. Ni dogo ne tun ina yaro, na taɓo ba wahala, hedimasta ya rubuta bakwai. Wannan bakwai ita ta bi ni zuwa kwalejin horon malamai, ta shiga takardar digiri, ta shiga fayil ɗina na aiki, ta ƙare a fasfo. Duk wanda aka haifa a ƙauyukan fadamar Hadejia kafin rajistar haihuwa ta kankama ya san wannan labari. Wasu an ƙara musu, da yawa an rage musu, kuma kusan dukkanmu ranar 1 ga Janairu aka ba mu.

Tun da na dawo, malamai daga Hadejia, Kirikasamma, Guri da Auyo suke zuwa da takardunsu in duba musu kafin su nemi aiki a waje. Tambayarsu ta farko kusan iri ɗaya ce: nawa ne albashin idan aka canza shi zuwa naira? Ni kuwa tambayata ta farko ita ce: shekara nawa fasfonka ya ce kana da su, kuma shekara nawa ƙasar za ta bar ka ka yi aiki? Daga amsar nan duk sauran lissafi yake tashi.

Ƙasashen ba hanya ɗaya suke bi ba. Wasu tun a bakin ƙofa suke tsayar da mutum. A Ostareliya, bizar ƙwararru da ake bayarwa bisa maki ta waɗanda ba su kai 45 ba ce. A Kanada, tsarin Express Entry yana ba ɗan shekara 20 zuwa 29 cikakken makin shekaru, daga 30 makin ya fara zuba, a 45 ya koma sifili. Wata malamar kimiyya ta zo mini tana da 44, ta shekara biyu tana tara kuɗin jarrabawar Ingilishi. Ta ce, "Baba, ai ba a ce an hana ba." Na ce, "Haka ne 'yata, ba a hana ba, amma za a auna ki da 'yan talatin waɗanda suka riga ki da maki masu yawa tun ba a buɗe takardun kowa ba." Ba daɗi faɗa, amma gara ta ji a bakina da ta ji bayan kuɗin sun tafi.

A gabashin Asiya kuwa, Chaina kan tsayar da izinin aikin yawancin malamai baƙi a sittin. Shirin EPIK na makarantun gwamnatin Koriya ta Kudu yana neman wanda bai kai 62 ba, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashe bakwai da aka saba ɗaukar malaman Ingilishi daga cikinsu, don haka ejan ɗin da ya yi maka alkawarin wannan aiki, ka riƙe aljihunka.

Inda mutanenmu suka fi karkata shi ne ƙasashen Larabawa, kuma a nan ne abin ya fi ciwo, domin za a bar ka ka shiga, ka saba, ka kai iyali, sannan ranar ta iso. Ƙa'idar ɗaukar malaman jami'a waɗanda ba 'yan ƙasa ba a Saudiyya ta sa iyaka a sittin. Majalisar jami'a tana iya ƙara wa farfesa da mai bi masa har shekara goma, na ƙasa da su biyar, sauran ma'aikata uku, amma wannan ƙari alfarma ce, ba haƙƙin da za ka tsaya ka nema ba. Kuwait ta taɓa hana sabunta izinin aikin baƙi 'yan sittin da ba su da digiri daga farkon 2021, daga baya ta sassauta ta ce a biya dinari 250 tare da inshorar lafiya.  Haka kuma a tambaya da wace kalanda ake ƙirgawa, domin sittin ta Hijira hamsin da takwas ce da 'yan watanni a Miladiyya.

Dalilan a bayyane suke. Inshorar lafiya tana tsada da ƙaruwar shekaru, kuma mai makaranta ne ke biya. Ƙasashen suna da nasu matasan da suka fito daga jami'a suna neman aiki. Saudiyya tun 2011 take da tsarin Nitaqat na tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa. Sannan zaman baƙo a can ɗaure yake da aikinsa, ba a tanadar masa fansho ba, ba a kuma yi shirin ya tsufa a wurin ba. Na fahimci dalilan, amma ban yarda sun isa ba. Malamin lissafi ɗan sittin, wanda daga kallon fuskar yaro yake gane inda ya ɓace a darasi, ya fi lokacin da yake ɗan talatin amfani nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai a watan Yunin nan shi ne 'yan ajin da na raino shekara uku, na tafi na bar su saura shekara guda su zauna jarrabawa.

Ingila ta bambanta. Bizar ƙwararrun ma'aikata ba ta da iyakar shekaru ta sama, kuma tun Fabrairun 2023 malaman Najeriya na wasu darussa, kamar lissafi da kimiyya, suna iya neman shaidar cancantar koyarwa ta QTS, da wasiƙar hukumar rajistar malamai ta TRCN. Sai dai shaidar ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Sai ka sami makarantar da za ta tsaya maka. Kuma fanshon gwamnatin can sai wanda ya yi aƙalla shekara goma yana zuba kuɗin inshorar ƙasa. Wanda ya sauka yana da 58 ya ɗauki biro ya lissafa.

Bara wani abokin aiki ya same ni a zaure bayan la'asar. Tare muka yi kwaleji, yana bayana da aji uku. Ya zaro waya ya nuna mini takardar tayin aiki daga wata makaranta a Saudiyya, wadda wani ejan ya turo masa ta WhatsApp. Kuɗin da ejan ɗin ya yanka masa ya haura albashinsa na shekara guda, kuma ya riga ya yi magana da wanda zai karɓi jinginar fadamarsa, wadda yake noma shinkafa da damina, alkama da rani. Idonsa har ƙyalli yake. Ya ce, "Malam, kai ka san ba kuɗin kaɗai ba ne. In na samu, duk wata sai na yi Umara." Wallahi na san wannan shauƙi, kuma ba abin rainawa ba ne.

Na ce ya kawo fasfo. 1967. Na jawo takarda muka zauna a kan tabarma. Yana da 57, ya yi shekara 32 yana aiki. Dokar da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Afrilun 2022 ta kai ritayar malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 da aiki, don haka inda aka fara aiki da ita, irinsa yana da sauran shekara takwas a gida, da fansho da garatuti a ƙarshe. A can kuwa, idan makarantar na tsayawa a sittin, shekara uku gare shi, a cire watannin jiran biza da tantance takardu. Dokar ƙwadago ta Saudiyya tana ba ma'aikaci sallamar rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai bayan nan ta koma cikakken wata. Shekara uku ke nan albashin wata ɗaya da rabi. Shekarar farko za ta tafi wajen fanso fadama. Ya dubi takardar ya daɗe bai ce komai ba.

Ban ce masa kada ya tafi ba, kuma ba na ce wa kowa haka. Ni kaina da kuɗin can na aurar da 'ya'ya uku, na gina gidan da ambaliyar 2022 ba ta iya rusawa ba. Amma ni da 47 na tafi, ina da shekara goma sha biyu a gabana. Abin da na ce masa shi ne ya rubuta wa makarantar kai tsaye, ba ta hannun ejan ba, ya tambaye su shekarar da suke daina sabunta kwantiragi, amsar kuma ta zo a rubuce. Ya je ofishin fansho ya ji abin da zai samu idan ya ajiye aiki yanzu da abin da zai samu idan ya ƙarasa. Ya kuma bincika ko za a ba shi hutun da ba albashi, don kada ya saki reshe ya kama ganye.

Sai ya sassauta murya ya ce, "To Malam, in aka gyara shekarun fa? Ejan ɗin ya ce ana yi."

A nan nake son masu karatu su tsaya. Gyaran kuskure daban, rage shekaru daban. Wanda aka yi wa kuskure na gaskiya yana da hanya: takardar rantsuwa ta kotu, shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, gyara a ofishin katin ɗan ƙasa, domin yanzu ba a yin fasfo sai bayanansa sun dace da na lambar NIN. Amma wannan aikin mai shekara talatin ne ko arba'in, tun takardu ba su yi yawa ba, tun rajistar firamare tana nan. Ni da na dawo na je neman tamu, na tarar ruwan 2022 ya shiga ofishin hedimasta, littafin ya manne ya zama dunƙule, tawada ta narke. Ɗan 57 da ya wayi gari fasfonsa ya ce 50, alhali takardar digirinsa da fayil ɗin aikinsa da tsohuwar bizar Hajjinsa mai hoton yatsunsa duk suna faɗin wani abu daban, ya jawo wa kansa tuhumar jabu. Hukuncinta kora ce da hana shiga ƙasar, kuma ƙasar nan ita ce wadda yake burin zuwa ɗawafi. Ga malami kuma, wanda yara ke koyon gaskiya a bakinsa, abin ya wuce batun biza.

Idan irin wannan hira ta taso nakan tuna malamanmu. Lokacin da Hadejia take cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, makarantun sakandare da kwalejojin malamai cike suke da Indiyawa, 'yan Pakistan, Misirawa, 'yan Sudan da 'yan Ghana. Wanda ya sa na so lissafi Ba'indiye ne mai furfura, yana zuwa aji a kan keke. Muna yara ba mu taɓa tunanin cewa zamansa a cikinmu rataye yake da wata takarda mai wa'adi ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin fita, 'yan Ghana kusan miliyan guda suka tafi, daga baya darajar naira ta faɗi, sauran ma suka tattara. Sai ranar da na tsaya a filin jirgi da akwatuna huɗu, an buga mini hatimin fita na ƙarshe, na gane abin da waɗancan bayin Allah suka ji. Ban san inda malamina ya ƙare ba, kuma har yau ina yi masa fatan alheri.

Abokin nawa ya rubuta wasiƙar a wayata, domin tasa ba data. Kwana tara aka yi kafin amsa ta zo, layi biyu: suna sabunta kwantiragi shekara-shekara har malami ya cika sittin, bayan nan ba sa yi. Da ya tura wa ejan ɗin, sai ya ce masa ai in an je can ana daidaitawa. Bai ƙara kiransa ba.

Da sanyin bana na bi ta gonarsa a kan hanyar Baturiya, lokacin da tsuntsayen ƙaura suka cika tafkuna. Na same shi da injin ban ruwa yana shayar da alkama, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya ce ƙaramin ƙaninsa, malamin fiziks ɗan shekara 34, zai zo mini da takardunsa ranar Asabar, kuma ya riga ya gaya masa ya taho da fasfo da takardar firamare.