Rufin Asiri Ko Ɓoye Gaskiya? Darasi Daga Musun Masu Kallon Elite



'Yan uwa, darasinmu na yau zai zo wa wasu a bazata, domin a kan fim ne, fim ɗin ma na Turawan Sifaniya. Sunansa Elite, shiri mai dogon zango da kamfanin Netflix ya fara saki a watan Oktoba na 2018, ya yi zango takwas kafin a rufe shi a 2024. Tun da wuri in faɗa, ba talla nake masa ba. Shiri ne cike da tsiraici da zina da shaye-shaye, wanda bai kalla ba bai yi asarar komai ba, kada ya je nema. Ni a rubuce na bi labarinsa, sai kuma daga bakin matasan da suka kalla. To amma yaranmu da dama sun kalla, musamman 'yan jami'a, kuma suna musu a kansa. A cikin musun nan ne na ji wata magana da ta shafi addini kai tsaye, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga labarin a taƙaice. Akwai makarantar 'ya'yan attajirai mai suna Las Encinas. Rufin wata makarantar talakawa ya rufta, sai kamfanin da ya yi ginin, don ya wanke sunansa, ya ɗauki nauyin ɗalibai uku zuwa makarantar masu kuɗin: Samuel, da Christian, da Nadia, 'yar wani Bafalasɗine mai kanti. Ana cikin haka aka tsinci gawar Marina, 'yar mai kamfanin ginin, a bakin wurin ninƙaya na makarantar. Zangon farko gaba ɗaya a kan tambaya ɗaya yake tafiya: wa ya kashe ta? A ƙarshe aka nuna Polo ne, aminin yayanta Guzmán, ya buga mata kofin gasa a ka, a kan wani agogon sata da ke ɗauke da sirrin almundahanar iyayensu. Carla, 'yar gidan sarauta, ta taya shi ɓoyewa, ta jawo Christian shi ma ya sa hannu. 'Yan sanda suka kama Nano, yayan Samuel, talaka wanda dama ya taɓa zaman kurkuku.

Masu kallo sun rabu. Wasu suna cewa ai Malam fim ne kawai, nishaɗi ne, ba a ɗora masa hukunci. Waɗannan ba zan daɗe a kansu ba. Wanda ya yi kwana uku yana musu da abokansa kan Polo, har da fushi, shi da kansa ya san abin ya wuce nishaɗi.

Wasu kuma Nadia ce ta tsaya musu a rai, kuma suna da gaskiya. Tun a kashi na farko shugabar makarantar ta ce mata ko ta cire mayafinta ko ta bar makarantar. Daga baya aka nuna ta cire shi da kanta ta tafi gidan rawa, aka haska abin kamar ranar ce ta fara numfashi. Musulmi masu kallo a ƙasashe da dama sun yi ƙorafi a kan haka, domin salo ne da ya zama jiki a finafinan Turai: uba Musulmi ya zama mai gadin kurkuku, saurayi Bature ya zama mai buɗe ƙofa. Wannan magana ce mai zaman kanta, tana buƙatar darasinta daban.

Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne ƙarshen zango na uku. Polo ya kuɓuta daga shari'a, domin Carla da ta tona masa asiri ta janye maganarta a gaban alƙali. A wani dare a gidan rawa, wata ɗaliba mai suna Lu, tana cikin maye, ta soke shi da fasasshiyar kwalba, ya mutu. Sai abokan nan suka haɗa kai, aka riƙa miƙa kwalbar daga hannu zuwa hannu, kowa ya taɓa, don shatin yatsun Lu ya ɓace a cikin nasu. 'Yan sanda suka rufe bincike a kan cewa shi ya kashe kansa. To wannan wurin ne matasa suke yabo. Na ji masu cewa nan ne suka yi hawaye, nan ne suka gane me ake nufi da amini. Wai aboki shi ne wanda zai taɓa maka kwalba.

Ku lura da wani abu. Abin da Carla da Christian suka yi a zangon farko da abin da abokan nan suka yi a zango na uku, aiki ɗaya ne sak: an kashe rai, an ɓoye wanda ya kashe, an yi wa hukuma ƙarya. Na farkon masu kallo suka kira shi zalunci, suka yi ta tsine wa Carla. Na biyun suka kira shi amana. Me ya canza? A na farko wadda aka kashe ana tausayinta. A na biyu wanda aka kashe an riga an tsane shi, mai kisan kuma an saba da ita, ana sonta. Ke nan ma'aunin da ke hannun mai kallo ba aikin yake aunawa ba, fuska yake dubawa. Kuma mai shirya fim ne yake zaɓar fuskar da za ka so, da irin kiɗan da yake sakawa, da wanda yake haska hawayensa kusa-kusa da wanda yake bari a bayan ƙyaure.

Wannan ma'aunin ba baƙo ba ne a tarihinmu. Ya taɓa bayyana a Madina, Manzon Allah (SAW) yana raye, har Alƙur'ani ya sauka a kansa. Imam Tirmizi ya ruwaito daga Ƙatada ɗan Nu'uman cewa baffansa Rifa'atu ɗan Zaidu ya sayi garin alkama daga fataken Sham, ya ajiye a ɗaki tare da makamansa. Da dare aka fasa ɗakin aka kwashe. Alamu suka nuna gidan Banu Ubairiƙ, sai su kuma suka jefa laifin a kan Labidu ɗan Sahlu, mutumin kirki da bai san hawa ba bai san sauka ba. A wasu littattafan tafsiri an ce wani Bayahude aka ɗora wa. Da Ƙatada ya kai ƙara, sai dangin ɓarayin suka taru suka je wurin Annabi (SAW), suka ce an ɓata wa gidan mutunci suna babu hujja. Kun ga taɓa kwalba ke nan irin ta wancan zamanin. A kan haka ayoyin Suratun Nisa'i suka sauka, daga ta 105 zuwa gaba. Allah ya hana a zama mai kare maha'inta. Ya tambayi dangin cewa sun yi musu jayayya a duniya, to wa zai yi musu ranar alƙiyama? A aya ta 112 kuma ya bayyana cewa wanda ya yi laifi ya jefa shi a kan wanda bai aikata ba, ya ɗauki ƙazafi da zunubi bayyananne.

Dangin nan fa ba su yi sata ba. Zumunci suke ganin suna yi. Amma duk da haka da su aka yi magana a cikin ayar.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ina hadisin rufin asiri? Yana nan, ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa ranar alƙiyama. Sai dai malamai ba su bar shi sakaka ba. Imam Nawawi a sharhinsa na Muslim ya yi bayanin cewa rufin asirin da ake so shi ne na mutumin da ba a san shi da ɓarna da cutar da mutane ba, kuma a kan laifin da ya riga ya wuce. Wanda ya shahara da ɓarna, rufa masa yana ƙara masa ƙarfin gwiwa ne, don haka kai maganarsa ga hukuma ya fi. Laifin da ake kan aikatawa kuwa, hana shi ne wajibi. Balle a ce akwai haƙƙin wani a ciki, ko wani bawan Allah yana ɗaure saboda shirunka. A nan sunan abin ya tashi daga rufin asiri ya koma ɓoye shaida, wanda aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ce mai yin sa zuciyarsa ce mai zunubi. Muslim kuma ya ruwaito daga Sayyidina Ali tsinuwa a kan wanda ya ba mai ta'asa mafaka.

A fim ɗin akwai wani yaro, Ander, ɗan shugabar makarantar. Polo ya gaya masa gaskiya, ya yi shiru, yana zaune da Guzmán kullum yana kallonsa yana neman wanda ya kashe masa ƙanwa. Masu kallo da yawa suna cewa Ander abin tausayi ne, yana tsaka mai wuya tsakanin aminai biyu. Ni ma na yarda wuri ne mai wuya. Amma a lissafin nan an manta da mutum na uku, wato Nano da ke ɗauke da laifin kisan da bai yi ba. Nano ba waliyyi ba ne, shi ya saci agogon. To amma ɓarawon agogo daban, mai kisan kai daban, shari'a ba ta yarda a biya bashin wani da wuyan wani ba. Annabi (SAW) ya riga ya fassara mana taimakon ɗan uwa azzalumi a hadisin Anas da ke Bukhari: ka riƙe hannunsa daga zaluncin, taimakonsa ke nan.

Sai masu cewa fim ɗin ya tona asirin masu kuɗi, ɗan attajiri ya yi kisa ya koma aji, ɗan talaka ya tafi kurkuku. Wannan karatun daidai ne, kuma ba sai an je Sifaniya ba. Shi ya sa labarin ya karɓu har Indiya ta yi nata mai suna Class a 2023, a Najeriya ma an yi Far From Home a ƙarshen 2022 mai kama da shi, yaron talaka a makarantar masu hali a Legas. Hadisin matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma, a kan wannan cutar yake. Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen farko ke nan, su ƙyale babba su hukunta mai rauni. Inda nake rabuwa da masu wannan ra'ayin shi ne, da an zo kan ƙwaya sai su juya ma'aunin. Omar, ɗan uwan Nadia, yana sayar wa ɗalibai kayan maye, sai a ce ai matsin gida ne. Samuel ya yi wa mai safarar ƙwayoyi aike don ya tara kuɗin belin yayansa, sai a ce ai dole ce ta sa. Ɗan mai kuɗi ya shaƙi hodar ibilis, shi ne lalatacce. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta toshe ƙofofin biyu a lokaci guda. Bayan umarni da tsayar da shaida ko a kan kai ko iyaye ko dangi, ta ambaci mawadaci da matalauci, ta ce Allah ne mafi cancanta da lamarinsu. Kada tsoron mai kuɗi ya karkatar da kai, kada tausayin talaka ya karkatar da kai. Duk abin da ke sa maye giya ne a hukunci, kamar yadda Muslim ya ruwaito, kuma cikin mutum goma da aka tsine wa a kan giya a hadisin Tirmizi akwai mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. Ba a ware talaka ba.

Dalilin da ya sa na tsawaita a nan, maganar ta iso ƙofar gidanmu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64. A shekarar ce gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya nuna yadda ake kwankwaɗarsa, har a Kano. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta ba kisan kai zai tarar ba, insha Allahu. Abin da zai tarar shi ne abokin ɗaki mai ɓoye tiramol a cikin jaka, da dokar da ba a rubuta ba cewa ba a tona aboki.

To ya za ka yi, ɗana? Ka duba wane ne a gabanka. Idan mai sha ne a ɓoye, yana jin kunya, kansa kawai yake cuta, wannan shi ne mahallin rufin asiri. Kada ka yaɗa shi a aji, kada ka mayar da shi abin hira. Ka yi masa nasiha kai da shi, ka ja shi masallaci, ka raka shi asibiti idan abin ya kama jikinsa, domin wanda ƙwaya ta kama wa'azi kaɗai ba ya isarsa. Idan ya fi ƙarfinka, ka gaya wa mutum ɗaya da zai iya taimako, yayansa ko mahaifinsa ko wani malami mai hankali. Wannan ba gulma ba ce, yana cikin wuraren da malamai suka halatta ambaton aibin mutum don a kawar da ɓarna.

Idan kuwa mai sayarwa ne, yana ɗora ƙananan ɗalibai a kan hanya, ka gargaɗe shi. In ya ƙi, hukumar makaranta ko NDLEA, ta hanyar da ba za ka jefa kanka a haɗari ba. Kada kuma ka yarda ya ba ka ajiya ko ta dare ɗaya, domin ranar da aka yi samame ba za a tambayi mai kaya ba, wanda aka samu a ƙarƙashin katifarsa za a tafi da shi. In kuma aka kama wani daban a kan kayan da ka san mai su, aka zaunar da shi gaban kwamitin ladabtarwa za a kore shi, to a nan ba ka da zaɓin yin shiru, ko da mai kayan tare kuka taso tun firamare. Shaida ta hau kanka.

Wallahu a'alam.