Yadda Ake Koya wa Yara Sanin Wata da Taurari

Yaron da ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram yana da abin da takwaransa na cikin Kano ya rasa: sararin sama mai duhu sosai, wanda hasken lantarki bai dushe shi ba. A garuruwan yankin irin su Sundimina ko Basirka, da an idar da isha'i taurari sai su cika sama fal. Abin takaici ne a bar yaro ya haddace sunayen duniyoyi a aji alhali bai san ta inda wata ke fitowa ba.

Da jinjirin wata ake farawa. Ranar da aka ji sanarwar Sarkin Musulmi cewa wata ya tsaya, washegari bayan magariba a fita da yaran, a fuskanci yamma. A zaɓi wuri guda, ƙofar gida ko wani falalen dutse da ke kusa, a kuma sa musu takalmi saboda kunama. Kada a nuna musu, a ce, "To, wa zai riga ganinsa?" Wanda ya gano shi da idonsa ba ya mantawa.

Daga nan sai zane. A ba kowa takarda da fensir, ko kwali da gawayi, ya zana watan yadda ya gan shi, tare da bishiya ko dutsen da ke ƙarƙashinsa. Gobe a dawo wurin, a daidai wannan lokaci. Nan ne ainihin karatun yake, don haka kada a yi gaggawa. Dare na uku, yaro zai ce watan ya ƙara kauri. Wajen dare na bakwai zai tarar da rabi, ya kuma hau can saman kai. Dare na 14 kuwa zai juya yamma bai ga komai ba, sai ƙanwarsa ta ja masa riga ta nuna gabas, ga shi nan ya cika yana tasowa. Bayan haka zai riƙa makara da kusan minti 50 kowane dare, har su yi barci bai fito ba. Idan suka tambayi inda ya shiga, a tashe su da asuba su gan shi.

Sai sun jera zanensu sun ga sauyin da kansu sannan a kawo bayani. Wanda ya fara da bayani, a ganina, ya kashe musu sha'awar. A shiga ɗaki, a kashe wuta, a ajiye tocila mai ƙarfi a gefe guda: ita ce rana. A ba yaro lemo ya riƙe da miƙaƙƙen hannu, ɗan sama da kansa: lemon shi ne wata, kansa kuma duniya. Ya riƙa juyawa a hankali. Zai ga hasken da ke jikin lemon yana farawa siriri, ya kai rabi, ya cika idan ya ba tocilar baya, sannan ya koma raguwa. A nan zai gane wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro, kuma zagayen nan na kwana 29 da rabi shi ya sa watanmu ke yin 29 ko 30. Idan ya sauke hannu inuwar kansa ta rufe lemon, to ya ga husufi, wanda kakarsa ke kira zazzaɓin wata.

Taurari kuma sai daren da babu farin wata. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, damina ta ɗauke, hazo bai yi ƙarfi ba. A ajiye waya, a shimfiɗa tabarma, a ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu. Ta gabas za a ga Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. A bar yaran su ƙirga, wani zai ce shida, mai kaifin ido ya ce bakwai. Zara matar wata, idan lokacinta ne, tana yamma, ta fi kowa haske kuma ba ta ƙyaftawa, domin duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Tauraron arewa a wannan yanki yana ƙasa-ƙasa: a miƙa hannu a dunƙule, tsayinsa daga doron ƙasa bai wuce dunƙulen nan da yawa ba, kuma ba ya gusawa har gari ya waye.

Taurari biyu ko uku sun isa a dare guda. Idan akwai dattijon manomi a unguwa, a roƙe shi, "Baba, a faɗa musu taurarin damina." Zai lissafo su Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara da Ɗarfa, kowanne da kwanakinsa 13 da irin ruwansa, ya kuma gaya musu wanda idan ya kama an makara da shuka gero.