Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa NATO Ke Riƙe da Makaman Nukiliya Alhali Tana Kiran a Kwance Ɗamara?

Wani mai karatunmu daga Maraɗi ya aiko da wannan tambaya: "Ina jin ƙungiyar tsaro ta NATO tana cewa burinta a wayi gari babu makamin nukiliya a duniya, amma kuma ta ce ba za ta rabu da nata ba. Shin wannan ba tufka da warwara ba ne?"

Madalla da wannan tambaya, Malam. Ka taɓo inda su kansu 'yan ƙungiyar suka shafe fiye da shekara hamsin suna ja-in-ja a kai, don haka bari mu bi ta daki-daki.

Da farko ga ɗan gyara. NATO, wadda aka kafa a 1949, ba ta mallaki makamin nukiliya ko ɗaya da sunanta ba. Cikin ƙasashe 32 da ke cikinta, uku ne ke da shi: Amurka da Birtaniya da Faransa. Sai dai Amurka ta ajiye wasu bama-bamanta samfurin B61 a Beljiyam da Jamus da Italiya da Holan da Turkiyya, kuma ba mai iya taɓa su sai da izinin shugaban Amurka. Masana na ƙiyasta cewa kimanin 100 ne a yau, alhali a farkon shekarun 1970 makaman nukiliyar Amurka a Turai sun haura 7,000.

To, me ya sa ake riƙe da su? Dalilin shi ne abin da ake kira tsoratarwa, wato ka sa abokin gaba ya tabbata cewa in ya kawo hari, asarar da zai tafka ta fi ribar da yake hange, sai ya fasa tun bai fara ba. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa kar ta san kar. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO ya ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka, saboda haka ƙananan ƙasashe suna fakewa ƙarƙashin laimar manya. Masu goyon bayan tsarin na cewa wannan laima ce ta sa ƙasa kamar Jamus ba ta ga buƙatar ƙera nata ba. Amma tsoro ba ya hana kuskure. A rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962, saura ƙiris Amurka da Tarayyar Sobiyet su jefa duniya cikin halaka.

Shi kuwa kwance ɗamara, mutane da yawa suna ɗauka ana nufin a zubar da makamai rana ɗaya. A aikace, ragewa ake yi mataki-mataki, kowane ɓangare yana leƙa rumbun ɗan'uwansa don ya gani da idonsa. Duk ƙasashen NATO suna cikin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968, wadda sashenta na 6 ya ɗora musu nauyin tattaunawa da zuciya ɗaya har a kai ga kawar da su. Ke nan alkawari ne a rubuce.

Wanda ya fara ɗinke waɗannan abubuwa biyu shi ne Pierre Harmel, ministan harkokin wajen Beljiyam. A rahotonsa na 1967 ya ce ƙungiyar ta tsaya da ƙafa biyu: ƙarfin soja da kuma neman sasantawa. An gwada wannan shawara a watan Disamba na 1979, bayan da Sobiyet ta girke makamai masu linzami samfurin SS-20 da ke iya kaiwa biranen Yammacin Turai. NATO ta ce za ta girke na Amurka guda 572, amma a shirye take ta rage ko ta fasa in Mosko ta zauna an daidaita. Jama'a ba su ji daɗi ba. A 1981 dubban ɗaruruwan mutane suka yi zanga-zanga a Bonn ta Jamus, kuma da aka fara girke makaman a 1983 wakilan Sobiyet suka fice daga zauren tattaunawa a Geneva. Duk da haka an koma teburi, har a Disamban 1987 Ronald Reagan na Amurka da Mikhail Gorbachev na Sobiyet suka sa hannu a yarjejeniyar INF. Ta haramta makamai masu linzami da ake harbawa daga ƙasa masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500. Kafin tsakiyar 1991 an lalata guda 2,692, masu bincike na kowane ɓangare suna tsaye suna kallo.

Ka ga a nan taura biyu ta taunu. Makaman da aka girke sun zama abin ciniki, aka bayar da su aka karɓi zaman lafiya.

Yau kuwa ƙafa ɗaya ta yi rauni. Yarjejeniyar INF ta rushe a 2019 bayan Amurka ta zargi Rasha da karya ta, Rasha kuma ta musanta. A 2022 Rasha ta afka wa Ukraine, a 2023 ta dakatar da aiki da yarjejeniyar New START wadda ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kowacce kawunan makamai 1,550 da ke girke. Matsayin NATO tun taronta na Lisbon a 2010 shi ne: muddin akwai makaman nukiliya a duniya, ita ma za ta ci gaba da dogaro da su.

Ƙasashe da dama sun gaji da jiran gawon shanu. A 2017 ƙasashe 122 suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya da yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya, kuma Nijeriya na cikin waɗanda suka ja gaba. Babu ƙasar NATO da ta sa hannu. Holan kaɗai ta halarci zaman, ta kuma kaɗa ƙuri'ar ƙi. Amma Jamus da Norway sun je taron farko na ƙasashen yarjejeniyar a Vienna a 2022 a matsayin 'yan kallo, alamar cewa muhawarar ba ta mutu a cikin gida ba.

Saboda haka, Malam, ga yadda nake ganin lamarin. Tsoratarwa jinkiri take sayo wa duniya, ba ta warkar da cutar. In aka yi amfani da jinkirin wajen zama da abokin gaba a rage makamai, kamar yadda aka yi a 1987, babu tufka da warwara. In kuwa aka riƙe makaman aka bar maganar ragewa a takarda, to zarginka ya tabbata. Duk sa'ad da ka ji sanarwa daga hedikwatar NATO a Brussels, tambayi abu biyu: makami nawa aka rage, kuma wa aka bari ya shiga ya ƙirga?

Allah ya tsare mu da ganin ranar da za a harba ko da guda ɗaya. Muna jiran wasiƙarka ta gaba.