Karofin Ƙofar Mata: Ɗakin Gwaji a Fili

Ɗalibin da ke sha'awar ilimin harhaɗa magunguna ko kimiyyar binciken laifuka, ya fara da ziyartar marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ya lura da kyau: zanen da marini ya tsamo daga karofi kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi. Tsimuwar baba cikin ruwan toka ce ke mai da shuni sinadari mai narkewa, iskar oksijin kuma ta daskarar da shi a jikin zare.

Shunin baba kuwa ba launi ɗaya ba ne. Yana ɗauke da wani jan sinadari, indirubin, wanda masana a ƙasar Sin suka gwada kan sankarar jini. Ana raba shi da shuɗin ta hanyar kuromatogirafi, dabarar da masu bincike ke tantance tawadar takardun jabu da ita.

Malamai na iya nuna wannan a aji. A ɗiga baƙar tawada mai narkewa a ruwa bisa takardar tacewa, a tsoma bakin takardar cikin ruwa, kada ya kai ga ɗigon. Sannu a hankali launuka za su hau, kowanne da gudunsa. Tawadar biro ba ta jin ruwa, ita sai da sifirit.