Filin Shawarwari: Attaruguna Ya Yi Fure, Amma Ya Ƙi Haihuwa

Malam,

Ni matar aure ce a Fagge, muna haya a saman bene, ɗaki biyu da 'yar baranda. Tsadar kayan miya ce ta ishe ni bara, har na yi alkawarin bana sai na shuka nawa. Akwai wata Bayarabiya da nake sayen kayan miya a wurinta a kasuwar Sabon Gari, mun saba sosai, ita ta zaɓo mini attarugu manya jajaye guda biyar ta ce in cire 'ya'yan in shanya. Na haɗa da tattasai da shambo.

Na jira sanyi ya fara sauka, a ƙarshen Janairu na yafa irin a wani tsohon baho. Tattasai da shambo suka fito da wuri, attarugun kuwa sai da ya yi kusan sati uku, har na fid da rai. Farkon Maris na dasa su a bokitan fenti guda tara. Malam, ka ga yadda suka yi kyau kuwa? Ganye shar, duk wanda ya hau benen sai ya tanka. Da Afrilu ya shigo suka cika da fararen furanni, ina ta murna. To daga nan ne abin ya lalace. Kullum da safe sai in share furanni a ƙasa, wasu ma da ɗan kararsu suke faɗowa. Yau sati uku ke nan ko ɗa ɗaya bai tsaya ba, ga shi ruwan da nake ba su a wurin 'yan garuwa nake saye.

Surukata ta ce namiji ne, kamar yadda gwanda take yi, in tuge in huta. Maigidan ya ce taki ne ya yi kaɗan, ya kawo mini yuriya a leda. Maƙwabciyata kuma ta ce baki ne ya kama su. Ni dai tambayata ita ce, shin ban shuka a kan lokaci ba ne? Wane wata ya kamata mutum ya fara a nan Kano? Kuma waɗannan tara ɗin, in tuge su ko in bar su?

Taka mai bibiyar wannan fili,
Uwargida daga Fagge

*

Hajiya,

Kafin komai, kada ki tuge ko ɗaya, kuma ki ajiye yuriyar nan tukuna. Shukarki lafiyarta ƙalau. Ki gaishe mini da Inna, ki gaya mata cewa a gwanda gaskiyarta ne, akwai namiji akwai mace, amma dangin barkono ba haka suke ba. Kowane fure ɗaya yana ɗauke da namijinsa da macensa a cikinsa, iska kaɗan ko ƙudan zuma ya ishe shi ya yi barbara. Taki ma ba shi ne matsalar ba, shukar da ke jin yunwa ba ta yin ganye shar irin wanda kika kwatanta. In kika ƙara mata yuriya yanzu ganye za ta ƙara, furen kuma ya ci gaba da zuba.

Zafi ne ya zubar miki da fure. Attarugu da tattasai suna son ɗumi, amma furensu ba ya jure ƙuna. Da zarar zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen sai ya lalace, barbara ta ƙi yiwuwa, uwar ta saki furen ya faɗi. To ki duba Afrilun Kano, inda rana take kai wa 40 har ta wuce. Sannan ki ƙara da inda kike: Fagge da Sabon Gari siminti ne da kwalta da kwano, bishiya sai an nema. Simintin barandarki yana shan rana tun hantsi, ya kwana yana amayar da ita a gindin bokitan, bokitin roba kuma yana dafa saiwa. Ki taɓa jikinsa da azahar ki ji.

Don haka tambayarki ta ainihi ita ce daidai, lokaci ne ya kuɓuce miki. Mutane da yawa suna kallon ranar shuka, alhali ranar fure ce abin lissafi. Daga yafa iri zuwa dashe sati biyar ne zuwa shida, attarugu yakan kai bakwai ko takwas saboda nawarsa, wadda kika gani da idonki. Daga dashe zuwa fure kamar wata ɗaya ne zuwa wata ɗaya da rabi. Ke nan duk irin da aka yafa yau, bayan wata biyu da rabi zuwa uku zai yi fure. Kin yafa a ƙarshen Janairu, kin ga furen ya faɗo tsakiyar bazara cif. Duk wanda zai shuka dangin barkono a Kano, ya ƙirga wata uku gaba, in lissafin ya sauka tsakanin tsakiyar Maris da ƙarshen Mayu, ya dakata.

In aka cire wannan, lokaci biyu ya rage mana a shekara.

Na farko shi ne na 'yan noman rani. Manoman Kadawa da Kura da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ba sa jiran sanyi ya wuce kamar yadda kika yi. Tun damina tana bankwana, wajen Satumba zuwa Oktoba, suke rainon iri, su yi dashe a Oktoba da Nuwamba. Shukar ta yi ƙarfi da sauran ɗumin kaka, ta yi fure cikin sanyi, shi ya sa daga Janairu zuwa Maris za ki ga 'Yankaba ta cika maƙil, kayan gwari sun yi araha. Ke ma haka za ki yi a baranda: ki yafa a farkon Satumba, ki dasa a tsakiyar Oktoba. Wannan lokacin ya fi karɓar tattasai da shambo, domin cutar ganye tana da sauƙi idan babu laima. Amma kada ki yi jinkiri har Nuwamba ko Disamba. Daren hunturu yakan sauko ƙasa da digiri 15, iri ya yi ta kwanciya a ƙasa bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma ya tsugune wuri ɗaya, kafin ya farfaɗo bazara ta cim masa.

Na biyu shi ne na damina, kuma shi ne yake gabanki yanzu. Ki yafa iri a tsakiyar Mayu, a inuwa, inda rana ba ta taɓa shi sai ta safe. Kafin ƙarshen Yuni ruwa ya zauna, gari ya yi sanyi, dashenki ya isa. Fure zai zo a Agusta, ki fara tsinka daga ƙarshen Satumba har cikin kaka. A ganina, ga mai sayen ruwa a jarka irinki, wannan ne lokacin attarugu. Shi ɗan laima ne, ya fi tattasai son iska mai danshi, kuma sama ce za ta ɗauke miki rabin kuɗin garuwa. Hatsarinsa ɗaya ne, ruwan Agusta. Barkono ya fi jure ƙishi a kan kwanciyar ruwa, kwana biyu saiwarsa ta yi a cikin taɓo sai ki ga ya yi yaushi kamar an zuba masa ruwan zafi, kuma ba ya tashi. Ki sa ƙusa a wuta ki huda gindin kowane bokiti wuri shida ko bakwai, ki ɗora shi a kan bulo.

Sai mu dawo kan taranki. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, saboda a gona ana nome shi bayan kaka, shi ne barkono ba shukar shekara ɗaya ba ce. In ya sami kulawa yakan yi shekara biyu har uku yana haihuwa, attarugu ma ya fi kowa. Waɗannan da kike gani sun riga sun yi saiwa, sun fi duk wani sabon dashe da za ki yi nisa, aikinki kawai ki tsallakar da su zuwa saukar ruwa. Ki janye su daga bangon da rana take duka da yamma. Ki ɗaura musu tsohon zani ko buhu a sama, ya tare ranar azahar zuwa la'asar, ta safe kuwa ki bar musu. Ki raba su da siminti da katako ko bulo, ki rufe bakin ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Ban ruwa da sassafe, in kin tura yatsa da yamma kin ji ƙasa ta bushe ki ƙara. Ruwan da kika wanke shinkafa ko kayan miya da shi ya wadatar, na omo da na kwata ne ban yarda da su ba. Furen da ya zo cikin Mayu zai iya zuba, kada ya dame ki. Idan an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, ki rage dogayen rassa, ki zuba wa kowane bokiti cikin tafi biyu na takin awaki da ya ruɓe sosai. Sabon toho zai fito da furensa, kuma wannan karon zai tsaya, da yardar Allah. Ina sa ran kafin ƙarshen Agusta kin jefa attarugunki a miya.

Ki riƙa ɗaga ganye kina duba bayansa, nan farin ƙuda da darɓa suke maƙalewa, su ne kuma suke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganye. Ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa da yamma. Wadda ganyenta ya riga ya ƙudundune ya yi rawaya, ita kam ki tuge ta ki fitar da ita daga gidan kafin ta shafa wa sauran.

Ƙawarki ta Sabon Gari ta yi miki zaɓe mai kyau, irin da aka cire daga ɗan da ya nuna ja jawur shi ne mai tsirowa. Sai dai ki sani, wasu manyan tattasan kasuwa daga irin kamfani mai aure suke, 'ya'yansu ba lallai su gaji uwar ba. Idan na Satumba ya zo, gara ki sayi 'yar ledar iri a shagon kayan noma, ki duba kwanan watan da ke jikinta.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Tsadar da ta kore ki daga kasuwa, irin wadda aka sha a tsakiyar 2024, tana zuwa ne daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da na rani ya ƙare na damina bai iso ba, kuma zafin da ya zubar miki da fure yana cikin abin da ke haddasa ta. Bokiti tara ba za su ba ki ɗanye a wannan tsakanin ba. Abin da za su iya shi ne su ba ki rara a Fabrairu da Maris, ki yanka tattasan da shambon ki shanya a tire a barandar nan taki, ki ɗure a kwalba mai murfi. Ranar Fagge ta Maris kwana huɗu ko biyar ta ishe ta busar da su ƙayau.

Idan kin yafa na Mayu, ki rufe bahon da tsohon gidan sauro, domin ƙadangarun bene ba sa barin tsiro mai ganye biyu ya kwana. Ki rubuto mini a watan Agusta in ji yadda taran suka yi.