Me Ya Sa Jirgin Abuja Yake Tsayawa a Rigasa?

Wani mai sauraro daga Tirkaniya ya tambayi dalilin da ya sa mazauna kudancin garin Kaduna suke tafiya har Rigasa kafin su hau jirgin Abuja, alhali ga tsohuwar tashar Kaduna Junction a kusa da su.

Amsar tana cikin faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da jirgi ke bi. Tsohon layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa, wanda ya isa Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, shi kuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne, saboda haka taragon wannan ba ya hawa kan wancan, kuma dole aka gina masa tashoshinsa dabam, ciki har da ta Rigasa.

Ci gaban sabon layin zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, shi ne abin da ya fi muhimmanci ga fasinjan doguwar tafiya, domin shi zai haɗa Kaduna da layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Katsina.